KIFIFIYA A GIDA: ME KE SA TA KASA NUTSEWA, TA ƘI CIN ABINCI?

Darasin wannan wata a kan kififiya ne. Wani zai ce, ina ruwan manomi da kififiya? To, da wuya damina ta wuce ba a shigo da ita wani gida a ƙauye ba. Yara ne ke kawo ta. Idan kuwa ta shigo, maganar ta shafi lafiyarta, ta kuma shafi lafiyar yaran gidan.

A Indabo, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, abin haka yake kamar a Darki da Utai da Lajawa. Ruwan Yuli da Agusta yakan cika kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Yara masu kiwo da masu kamun kifi sukan tsinci 'yar kififiya a bakin ruwa. Wata faɗinta bai wuce na murfin kwalba ba. Sai yaro ya sa ta a gwangwani ya kai gida. A zuba mata ruwa a bokiti, a jefa mata lomar tuwo.

Da farko takan yi ta iyo, kowa yana kallo. Amma da kaka ta wuce, hunturu ya kama, sai ta canja. A gan ta a saman ruwa ta karkace gefe ɗaya. Ta yi ƙoƙarin nutsewa, ruwa ya sake turo ta sama. Abinci yana gabanta, ko kallonsa ba ta yi. Bayan 'yan kwanaki a wayi gari ta mutu. Yaro ya yi ta kuka, manya su ce kwananta ne ya ƙare. Alhali da an san dalili tun da wuri, da yawa daga cikinsu da sun rayu.

KIFIFIYA DABAN, KUNKURU DABAN

Da farko a bambanta su. Kunkuru a tudu yake zaune. Bayansa a tashe yake kamar an kife akushi, ƙafafunsa a dunƙule, ciyawa yake ci. Bai iya iyo ba. Wanda ya jefa kunkuru a ruwa mai zurfi ya kashe shi. Ita kuwa kififiya, ƙwaryar bayanta a shimfiɗe take. Akwai fata tsakanin yatsunta kamar ta agwagwa.

Wadda aka fi samu a kududdufi tana da alama. Idan ta tsorata, ba ta jan kanta ciki a miƙe. Lanƙwasa wuya take yi gefe, ta ɓoye kai ƙarƙashin bakin ƙwarya. Idan an ɗauke ta takan saki wani ruwa mai wari. Masana kimiyya suna kiranta Pelomedusa. Akwai wata kuma mai taushin baya kamar fata, mai dogon hanci. Wannan ta manyan ruwaye ce, kuma masunta sun san zafin cizonta. Ba ita ake nufi a nan ba.

HUHU SHI NE GORARTA

Kififiya a ruwa take zama, amma ba kifi ba ce. Da huhu take numfashi kamar mutum. Dole ta riƙa leƙowa tana shaƙar iska. In aka hana ta leƙowa, ruwa zai cinye ta.

Huhunta biyu ne, na dama da na hagu. Suna can sama, a ƙarƙashin ƙwaryar baya. Duk wanda ya ga masunci ya hau gora yana ratsa ruwa ya san amfanin iska. Iskar da ke cikin gora ce ke riƙe shi a sama. Haka huhun kififiya yake. In ta cika shi da iska, sai ta taso. In ta rage iskar, sai ta nutse. Mai lafiya tana yin wannan yadda ta ga dama.

Saboda haka ba duk tasowa sama ce cuta ba. 'Yar kififiya takan kwanta a saman ruwa tana hutawa. Ga yadda ake gwadawa. A taɓa ruwan da yatsa kusa da ita. Mai lafiya nan da nan za ta nutse, ta tafi ƙasan baho, ta zauna can. Idan ta taso kuma, bayanta a daidaice zai kasance. Marar lafiya ba ta iya haka.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kififiya ba ta kuka, ba ta nishi kamar akuya. Yadda take zama a ruwa shi ne fuskarta. A tsaya a dube ta da kyau.

Idan ta karkace dama ko hagu, kuma kullum gefe ɗaya ne, a zargi ciwon huhu. A tuna da mangalar jaki. In aka cika ɓangare ɗaya da taki aka bar ɗayan ba komai, sai ta rinjaya. Ciwon huhu yakan cika huhu ɗaya da majina da ruwa. Wannan gefen ya yi nauyi ya nutse, mai iska ya taso. Akwai wasu alamu da ke biyo baya. Kumfa tana fita daga hanci. Tana miƙe wuya ta buɗe baki tana neman iska. Wani lokaci a ji ɗan fito idan tana numfashi. Takan guji ruwa, ta hau dutse ta kwanta idanu a rufe. Wannan ita ce mafi hatsari a cikin cututtukanta.

Idan kuwa gindinta ne ya taso sama, kai ya yi ƙasa, an fi zargin iska a hanji. Makiyayi ya san yadda cikin akuya ke kumbura in ta afka wa hatsi. Kififiya ma haka. Tuwo da burodi da shinkafa ba abincinta ba ne. Sukan ruɓe a cikinta su haifar da iska. Tsutsar ciki ma tana kawo haka. Wani lokaci kuma ƙananan tsakuwa ta haɗiya, suka toshe mata hanji. A duba ko tana kashi. In ta kwana da yawa ba ta yi ba, akwai matsala.

Akwai ta uku. Wata ba tasowa take yi ba, nutsewa take yi ta kasa tasowa. Ƙarfinta ne ya ƙare. Irin wannan, in ba a fitar da ita da sauri ba, a ƙasan bokitin za ta mutu.

SANYI NE UBAN TAFIYA

Me ya sa sai da hunturu abin ya fi faruwa? Jikin mutum da na akuya da na kaza suna yin ɗumi da kansu. Na kififiya ba ya yi. Ita kamar ƙadangare take, wanda ke hawa katanga da safe yana shan hantsi. Zafin jikinta shi ne zafin wurin da take. In ruwa ya yi sanyi, ita ma ta yi sanyi. Cikinta ya daina narkar da abinci. Jikinta ya kasa yaƙi da ƙwayoyin cuta.

'Yar kififiya ta fi jin daɗin ruwan da ɗuminsa ya kai digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin zafi. A ƙasar Kano kuwa, daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 13, wani daren ma ƙasa da haka. Ruwan bokiti kaɗan ne. In ya kwana a tsakar gida, da asuba ya yi sanyi ƙarara. Wanda ya yi alwala da ruwan da ya kwana a waje lokacin ɗari ya san wannan. To a cikinsa 'yar kififiya ta kwana.

A daji ba haka take yi ba. Idan kududdufi ya fara ƙafewa, sai ta tona laka ta shige. Can take kwanciya, ba ci ba sha, har ruwan sama ya dawo. Laka tana kare ta daga sanyin dare da zafin rana. A cikin bokiti babu laka. Ba ta da wurin ɓuya. Ƙaramar kuma ba ta da kitsen da zai riƙe ta watanni.

Ƙazantar ruwa tana taimaka wa sanyi. A ruwan take ci, a nan take kashi. Ragowar tuwo ya ruɓe. Kwana biyu ruwan ya yi wari. Ƙwayoyin cuta su yi yawa, su sami jikin da sanyi ya riga ya karya.

ƘIN CIN ABINCI

Wani ƙin cin ba na cuta ba ne. Wadda aka ƙyanƙyashe kwanan nan tana da ragowar gwaiduwar ƙwai a cikinta. Takan yi kwanaki ba ta nemi komai ba. Wadda aka kamo jiya kuma tsoro ne ya hana ta. In yara suna ta juya ta a hannu, ba za ta ci ba. A bar ta ta huta.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kififiya a cikin ruwa take haɗiya. In aka ajiye mata abinci a busasshen wuri, ko ta ɗauka sai ta ja shi cikin ruwa. Don haka a ruwa ake ba ta.

Sai kuma irin abincin. A kududdufi, talibambam take ci, da tsutsar sauro, da ƙwarin ruwa, da katantanwa, da 'yan kifi. Mai cin nama ce, musamman tana ƙarama. A gida a ba ta tana, da gara, da shinge, da fara, da gyare. A ba ta ƙaramin kifi ɗanye da ƙayarsa da kayan cikinsa, a yanka daidai bakinta. Abu mai motsi ya fi jan hankalinta, shi ya sa tana mai rai takan sa wadda ta ƙi ci ta ci. Kada a ba ta soyayyiyar fara mai gishiri da yaji. Kada a kamo mata fara daga gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari. Sau ɗaya a rana ya isa. Yawan abincin ya zama kamar girman kanta.

A duba idanunta. In sun kumbura sun rufe, sau da yawa ƙarancin bitamin A ne, ko kuma ƙazantar ruwa. Wadda ba ta gani ba ta farauta. Ƙarancin wannan bitamin yana kuma buɗe wa ciwon huhu ƙofa. Kifi ɗungurungum yana maganinsa. 'Yar hanta kaɗan, kamar ƙwayar dawa, sau ɗaya a mako, tana taimakawa. Kada a yawaita, yawansa ma cuta ne.

A taɓa ƙwaryar a hankali. Ta sabuwar ƙyanƙyasa tana da ɗan taushi, wannan ba komai. Amma in watanni sun wuce tana lotsawa kamar danƙo, ba ta samun abin gina ƙashi, ko ba ta samun rana. Hasken rana ne ke sa jiki ya amfana da abin gina ƙashin da ke cikin abinci. Kififiyar da aka ajiye a lungun ɗaki ba za ta yi ƙwari ba.

ABIN DA ZA A YI YAU

In an ga alamun nan, kada a jira gobe. A fitar da ita daga bokiti. A sa ta a baho mai faɗi. A rage ruwa ya zama ya ɗan rufe bayanta kawai, yadda za ta ɗaga kai ta shaƙi iska ƙafafunta suna ƙasa. A sa faffaɗan dutse ko guntun tukunya wanda za ta iya hawa ta bushe. A kwashe duk ƙananan tsakuwa. In suna da yawa, a ware marar lafiya ita kaɗai.

Sai a ɗumama ruwan. Ba a bukatar lantarki. A surka ruwan zafi da na sanyi a wani mazubi daban. A gwada da gwiwar hannu. Ya zama ɗumi kaɗan, bai kai na wankan jariri ba. A zuba a hankali, kada a sauya mata daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya. Da yamma a shigar da bahon ɗaki, a naɗe gefensa da buhu. Kada a ajiye shi kusa da kaskon wuta, hayaƙi yana ƙara ciwon huhu. Wadda ta galabaita sosai, gara ta kwana a kwali a kan tsumma mai laima, a ɗaki mai ɗumi. Da safe a mayar da ita ruwa.

Da hantsi a fitar da bahon rana. Rabi a rana, rabi a inuwa, ita za ta zaɓa. A nan sai an yi hattara. Ranar tsaka, musamman a bazara, tana iya dafa ruwa kaɗan ta kashe ta cikin ɗan lokaci. A rufe saman bahon da raga saboda shirwa da hankaka da kaji da kyanwa. Kada a rufe da gilashi ko leda. Suna tare irin hasken da take bukata, suna kuma tara zafi.

A sauya ruwa kullum. Kada a wanke bahon da omo a bar kumfa a ciki. In ta warware, a ƙara ruwa a hankali har zurfinsa ya kai tsawon ƙwaryarta sau biyu.

In sanyi ne ko iskar ciki, sau da yawa wannan kulawa ta isa. Cikin 'yan kwanaki za ta fara motsi, ta yi kashi, ta kama tana. In kuwa akwai kumfa a hanci da buɗe baki, ɗumi kaɗai ba zai warkar ba. Sai an kai wa likitan dabbobi. Shi zai auna nauyinta ya san yawan maganin da ya dace. Nauyin 'yar kififiya bai fi na goro ɗaya ba. Ƙwayar magani ta mutum ko ta kaji ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Kada a fasa kafso a zuba mata a ruwa. Kada a buɗe mata baki da ƙarfi a ɗura ruwa ko abinci, yana iya zarcewa huhu.

Ga gargaɗi na musamman ga mutanen ƙasar Wudil. Nan ƙasar kiwo ce, kasuwar shanu tana ci kowace Juma'a. Gidaje da yawa suna da allurar tsutsa da kaska ta dabbobi, wadda aka fi sani da Ivomec. Tana da kyau ga sa da tunkiya. Amma guba ce ga kififiya da kunkuru. Tana shanye musu jiki ta kashe su. Ko ɗigo kada a ba su.

LAFIYAR YARAN GIDA

Wannan ɓangaren ya fi duka muhimmanci ga iyaye. Kififiya, ko mai lafiya ce, takan ɗauki wata ƙwayar cuta a hanjinta mai suna salmonela. Ita ba ta cutar da ita. Amma tana fita a kashinta, ta shiga ruwan, ta manne a ƙwarya. Yaro ya taɓa, ya ci abinci bai wanke hannu ba. Sai gudawa da amai da zazzaɓi da ciwon ciki. Ga jariri da tsoho abin yana iya kaiwa ga rasa rai.

Ba ƙaramar magana ba ce. A Amurka an taɓa yayin sayar wa yara 'ya'yan kififiya. Yara da yawa suka kamu da wannan cuta. A shekarar 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta hana sayar da duk wadda ƙwaryarta ba ta kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10. Ƙananan ne yara suka fi wasa da su, har su sa a baki. Likitocin can suna ba da shawara kada a ajiye ta a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5.

Don haka kada a sa kififiya a rijiya ko randa, ko da an ce tana cinye ƙwari. Kada a ajiye ta a kwanon cin abinci ko ƙwaryar fura. Bahonta ya zama nata ita kaɗai. Kada a wanke shi a wurin wanke-wanke. A zubar da ruwanta nesa da rijiya da madafa. Duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu. In yaro ya fara gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, a kai shi asibiti, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai kififiya a gidan.

A MAYAR DA ITA KO A RIƘE?

Wanda ya karanta zuwa nan ya ga aikin da yawa. Sauya ruwa kullum, neman tana, shigarwa da fitarwa. Yaro yakan gaji cikin mako biyu, aikin ya koma kan uwar gida, ita kuwa nata ya ishe ta. A gaskiya mafi yawan gidaje ba za su iya ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne yaro ya kalle ta kwana ɗaya ko biyu, ya mayar da ita inda ya ɗauko ta.

Lokacin mayarwa yana da muhimmanci. A yi shi tun kududdufin yana da ruwa da laka, wato kafin ƙarshen kaka. In an bari har ƙasa ta bushe ta tsage, ƙaramar ba za ta iya tonawa ba. Sai dai a riƙe ta a kula da ita har ruwan Yuni ya sauka.

Wani zai ce a kai ta Kogin Wudil, tunda ba ya rasa ruwa. Gaskiya ne, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, akan saki ruwa ko da rani. Amma kififiyar kududdufi ta ruwa mai kwanciya ce. Ruwa mai gudu zai tafi da ƙaramar, manyan tarwaɗa kuma suna jiranta. Wadda ke karkacewa ko take kumfar hanci, ba a sake ta ko'ina sai ta warke. In an sake ta haka, ruwa zai cinye ta, ko ta shafa wa 'yan'uwanta.

AIKIN AJI

1. A rubuta bambanci biyu tsakanin kunkuru da kififiya.

2. Ruwan da kififiya ke so digiri 26 ne. Da asuba ruwan bokiti ya sauka zuwa digiri 14. Digiri nawa ya ragu?

3. Ƙwaryar wata kififiya santimita 4 ce. Zurfin ruwa nawa za a zuba mata in tana da lafiya?

4. Kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku da zai gaya wa yaron da ya shigo gida da kififiya a gwangwani.